Tsumman jariri: wankinsa, shanyarsa da ajiyarsa

 

Kun saba in mun tsaya gabanku zancen nono ne, ko kunun yaro, ko igiyar awon dantse. Yau na zo da abin da ba a cika kawowa cikin taro ba, wato tsumman da ake ɗaura wa jariri domin fitsari da kashi. Na ga wasu sun fara murmushi, wata ma tana cewa a ranta, yau kuma masu maganar abinci sun koma koyar da wanki? Ku yi haƙuri da ni kaɗan, in gaya muku abin da ya sa.

Da daminar da ta wuce, a wani gari cikin jihar Maradi, muna da wani yaro ɗan wata tara da aka sa cikin masu karɓar abincin tamowa. Mako biyu yana ci, dantsensa ya fara cika, sai zawo ya kama shi, awo ya koma baya. Aka yi magani, ya sake tasowa, zawo ya sake dawowa. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina na zargi uwar. Na ɗauka tana raba abincin da yayyensa, ko tana kai shi kasuwa. Da muka je gidan tare da mai faɗakarwar garin, muka ƙirga ledojin abincin da ya cinye da waɗanda suka rage, lissafi ya cika daidai. Abin da muka tarar daban ne. Tsummanta huɗu ne kacal. In yaron ya ɓata ɗaya, sai ta ɗauraye shi da ruwa zalla cikin robar da ake wanke kwanoni, ta watsa ruwan a tsakar gida inda yake rarrafe, ta rataye tsumman a ƙarfen gado cikin ɗaki saboda hadari. Kafin ya bushe an sake bukatarsa. Gindin yaron ya yi ja, ya saɓule. Matar nan ba ƙazama ba ce, kuma ba ta gaza son ɗanta ba. Da safe tana gona, da rana tana rijiya, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi mata wannan bayani, har da mu da muke auna ɗanta kowane mako. Muka yayyaga tsofaffin zannuwa biyu, maigidan ya ɗaura igiya, aka ware roba guda, aka sayi sabuni. Ban ce tsumma kaɗai ne ya warkar da yaron ba, amma daga nan awonsa bai sake komawa baya ba har aka sallame shi.

Zawo da tamowa abokan tafiya ne. Yaron da ke zawo ba ya son cin abinci, wanda ya ci ma hanjinsa ba ya tsotse amfaninsa yadda ya kamata, sai ya rame. In ya rame ƙarfin jikinsa na kare kai ya ragu, sai zawo na gaba ya fi saurin kama shi, ya fi daɗewa. Ƙwayoyin da ke kawo zawon kuwa daga kashi suke fitowa, su bi hannu, ko ƙuda, ko ruwa, ko ƙasa, su koma baki. A gidan da ke da jariri, babu abin da ya fi tsumma yawan haɗuwa da kashi, kuma hannun da ke taɓa shi shi ne mai kama nono, shi ne mai dama kunu.

Akwai maganar da nake yawan ji, wai kashin jariri mai shan nono ba ƙazanta ba ne, ai nono ne ya fito. Gaskiya ne ba shi da wari kamar na babba, amma rashin wari ba ya nufin rashin cuta. Ƙananan yara su suka fi kowa yawan zawo, don haka kashinsu ɗauke yake da ƙwayoyin zawo, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Wata dattijuwa ta taɓa tuna mini cewa malamai sun yi wa mai shayarwa sassauci game da abin da ya taɓa tufafinta na fitsarin yaro in ta yi iyakar ƙoƙarinta. Haka ne, amma wannan sassauci na salla ne. Ƙwayar cuta tana nan a kan zanen har sai sabuni da rana sun kawar da ita.

To, mu fara da tsumman kansa. Wanda ya fi shi ne na auduga: tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi, tsohon tawul, ko farin yadi mai shan ruwa. Yadin roba mai santsi ba ya shan fitsari, sai ya bar shi kwance a fata. Sabuwar atamfa ma ba ta sha sai an wanke ta sau da yawa sitacin ya fita. In da hali a kalmashe bakin a ɗinke, domin zaren da ya zare yana iya naɗe ɗan yatsa ko gaban yaro. Abin da ya fi nau'in yadi muhimmanci kuwa shi ne yawansa. Jariri sabon haihuwa yana iya ɓata tsumma takwas zuwa goma a yini da dare. In wanki sau ɗaya ake yi a rana, ana bukatar na yau da kuma na gobe, ke nan kusan ashirin. Kada adadin ya ba ku tsoro, tsohon zane ɗaya yana ba da shida ko fiye. Mai ciki ta fara tarawa tun wata bakwai, ta wanke, ta shanya, ta ajiye. Ku kuma masu zuwa barka da suna, tsohon zane mai tsabta kyauta ce da mai jego za ta fi morewa fiye da wata rigar kwalliyar da za a sa sau ɗaya. Ƙarancin tsumma shi ne tushen yawancin kurakuran da zan ambata, domin macen da take da huɗu dole ta mayar da ɗanye.

In yaro ya ɓata tsumma, a cire nan take, kada a ce bari ya ƙara. A kankare kashin a zuba cikin salga. Inda babu salga a haƙa rami a rufe da ƙasa, nesa da inda yara ke wasa. A ɗauraye tsumman da ruwan sanyi tukuna, domin ruwan zafi yana kama tabon kashi ya zaunar da shi cikin zare. Ruwan ɗaurayar nan shi ma salga za shi, ko rami. Kada a watsa shi a tsakar gida, kada a zuba shi gindin rijiya ko bakin famfo, kada a kai wankin tsumma tabkin da mutane da dabbobi ke sha. Sa'an nan a jefa tsumman cikin bokiti mai murfi, wanda ba a yin komai da shi sai wannan aiki. A ɗaura masa ƙyalle ko a yi masa alama da fenti domin yara su san ba na ɗibar ruwa ba ne, a ajiye shi inda mai rarrafe ba zai kai ba, domin ruwa kaɗan cikin bokiti yana iya halaka yaron da ya faɗa da ka. Kada tsumma ya wuce yini ɗaya cikin bokitin. A zafin ƙasarmu, abin da ya kwana biyu a jiƙe ya zama gonar ƙwayoyin cuta, zarensa ma ya fara ruɓewa.

Wanki kuwa kun fi ni iyawa, abu uku kawai zan ƙara. Na fari, ruwan zafi da sabuni sun fi ruwan sanyi. Na san tsadar itace, shi ya sa nake tuna wa masu jego cewa wutar ruwan wanka tana nan safe da yamma har kwana arba'in. A ɗebi kaɗan daga wannan ruwa domin tsumma, ba a ƙara ko kara ɗaya ba. Na biyu, ɗauraya. Sabuni ko garin wankin da ya rage cikin zare yana cin fatar yaro, kuma yana hana tsumma shan ruwa. A ɗauraye har ruwa ya fito babu kumfa, ko da sau uku ne. Gara a rage sabuni a ƙara ruwan ɗauraya. Na uku, in yaro yana zawo, ko akwai ƙuraje a gindinsa, wanki kaɗai bai isa ba. A tafasa tsumman minti 10 cikin tsohuwar tukunyar da aka daina girki da ita. In babu itace, a yi amfani da ruwan jabel: babban cokali ɗaya a kowace lita ta ruwan sanyi, a jiƙa tsumman da aka riga aka wanke minti 30, a ɗauraye sosai. Ƙarfin jabel na kasuwa ya bambanta, don haka a nuna wa ma'aikacin lafiya kwalbar. Kada a zuba jabel kan tsumman da ke jiƙe da fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai ƙona ido da ƙirji. Kuma ba na kullum ba ne, yana cinye yadi. Bayan duk wannan, a wanke hannu da sabuni kafin a taɓa nono ko kwano. In sabuni ya yanke, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla.

Yanzu mu zo ga shanya, wadda ita ce babbar maganata ta yau, domin nan ne na ga an fi yin asarar wahalar da aka sha wajen wanki.

Rana tana yi wa tsumma aiki iri biyu. Haskenta yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, yana kuma cire rawayan tabon da sabuni ya bari. Bushewar da take kawowa kuma tana hana sauran ƙwayoyin hayayyafa, domin ƙwayar cuta da funfuna ba sa yaɗuwa sai da laima. Allah ya hore mana rana fiye da ƙasashe da yawa, kuma ba a biyan ko dala. Amma rana ba ta aiki sai a inda ta taɓa. Tsumman da aka ninka biyu, ko aka jibga ɗaya kan ɗaya, samansa ne ya bushe, cikinsa yana nan da ɗanyensa. A warware kowanne, a baza shi shi kaɗai, gefen tabon yana kallon rana, in ya jima a juya.

A kan igiya za a shanya, igiya mai tsawon da akuya ba za ta kai ba, nesa da salga, da turken dabbobi, da juji. Na san al'adarmu ce a shimfiɗa wanki kan rairayi, ko kan darni, ko kan katanga. Ga tufafin manya ba zan yi gardama ba, amma tsumman jariri a raba shi da ƙasa. Kaji suna bi, ɗan akuya yana takawa, ƙasar tsakar gida kuma cike take da abin da ido ba ya gani. Akwai kuma wani ƙuda da ke ƙasashenmu na Afirka, wanda ya fi yawa da damina. Yana bin warin fitsari da kashi, ya saka ƙwai a kan rairayin da ke inuwa ko a kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Cikin kwana uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ƙarama ce ƙwarai, tana jira. Da an ɗaura wa yaro tsumman sai ta huda fata ta shige, ta yi ta girma a ciki. Abin da uwa za ta gani shi ne ƙurji kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya, yaro yana ta kuka ba ya barci. Sau da yawa ba ɗaya ba ne, a gindi da cinya da baya, wato daidai inda tsumma ke kwanciya. In kun ga haka kada a tsaga da reza, kada a matse da ƙarfi. A shafe bakin ramin da basilin domin a toshe wa tsutsar iska, a kai yaron likita. Wannan ƙuda ba ya son tsakar rana, kuma zafin dutsen guga yana kashe ƙwansa.

Kowane lokaci na shekara da irin matsalarsa. Da bazara, watan huɗu da na biyar, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, tsumma yana bushewa kafin a gama tuwo. Matsalar a nan ita ce barinsa yini guda a rana, sai ya ƙandare kamar fata, zarensa ya yi saurin mutuwa. In ya bushe ya ƙara kamar awa ɗaya ko biyu a rana, a kwashe. A bari ya huce kafin a ɗaura wa yaro. Da ɗari kuwa iska tana busarwa da sauri, amma ƙura tana cika shi. A kakkaɓe sosai, a murza shi tsakanin tafin hannu har ya yi laushi, domin tsumma mai kaushi yana goge fatar jariri kamar yadda sabon takalmi ke goge ƙafa.

Damina ita ce jarrabawa. Watan bakwai da na takwas, ga hadari, ga laima, ga aikin gona ya ɗauke uwa daga gida, ga rumbu ya yi ƙasa, ga zawo da masassarar cizon sauro sun yi yawa. A daidai wannan lokaci ne gidajen kula da tamowa ke cika, daga Maradi har Damagaram da Tawa, kuma a daidai lokacin ne tsumma ke ƙin bushewa. Abin da nake ba da shawara shi ne a yi wankin da sassafe, a matse shi sosai, domin ya samu ranar hantsi. In za a tafi gona a bar wa wani amanar kwashewa in hadari ya taso, kaka ko babbar yarinya. A ɗaura igiya ta biyu a rumfa ko zaure, inda iska ke ratsawa, domin ranar da aka wuni ana ruwa. Ƙuryar ɗaki mai rufaffiyar taga ba wurin shanya ba ce. Duk tsumman da ya bushe a inuwa, a goge shi da dutsen guga ciki da waje, ko na gawayi ne. Guga a nan ba kwalliya ba ce, tana ƙarasa busarwa, tana kashe ƙwan ƙudan da na ambata. Gidan da babu dutsen guga, maƙwabta biyu ko uku suna iya yin tarayya a ɗaya. In ba a samu ba, a mayar da tsumman rana da zarar ta fito. Shanya a saman murhu kuma ban so ta ba, hayaƙi yana kama yadi, yaro ya yi ta shaƙa, ga haɗarin gobara.

Iyayenmu suna hana a bar kayan jariri su kwana a waje, suna cewa a kwashe kafin magariba. Kowa da dalilin da aka ba shi, amma ni ina tare da su: raɓa tana mayar da busasshe ɗanye, ƙwari kuma suna samun wurin kwana.

Yaya za a san ya bushe? Hannun da ya wuni cikin ruwa ba ya jin laima da kyau. A ɗora tsumman a kumatu, musamman wajen ɗinki da inda ya fi kauri. In an ji sanyi-sanyi, da saura. A kuma sansana. Tsumma mai tsabta ba shi da wari. In yana warin funfuna, bai bushe da wuri ba. In da zarar yaro ya yi fitsari sai wari mai hawa ka ya tashi, akwai tsohon fitsari da sabuni cikin zaren, a tafasa shi a sake ɗaurayewa.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da na fi gani, kuma na san dalilinsa rashin ruwa ne da gajiya. Yaro ya yi fitsari kawai, sai a ce ai ba kashi ba ne, a shanya tsumman ba wanki, in ya bushe a mayar. Ruwan ne ya tashi, gishirin fitsarin yana nan. Ƙwayoyin cuta suna juya shi zuwa wani sinadari da ake kira amoniya, shi ne mai wannan wari, shi ne kuma ke ƙona fata. In ruwa ya yi wuya ƙwarai, ko ɗauraya da moɗa biyu a yi kafin a shanya.

Ajiya ba ta da dogon bayani sai a wuri ɗaya. A ninke busasshen tsumma da hannu mai tsabta, a sa cikin kwando ko kwalla ko akwati, a rufe da zane, a ɗora a sama, kada ya taɓa ƙasa ko bango mai laima. Kada a ƙulle shi cikin leda, ƴar laimar da ta rage za ta zama funfuna. Kada mai tsabta ya haɗu da mai dauɗa cikin jaka ɗaya in za a je awo ko unguwa. Leda ta mai dauɗa ce, a kwance ta da an dawo gida. Kafin a ɗaura wa yaro a kakkaɓe, kunama tana son ninkin tufafi. Wanda aka ajiye domin ƙanen da zai zo, a wanke, a busar ƙwarai, a riƙa fito da shi rana lokaci-lokaci, a sake wankewa kafin haihuwa.

Wurin da zan tsaya shi ne kafur, fararen ƙwallayen nan da ake jefawa cikin akwati domin kyankyaso da ƙamshi. Ina roƙonku, kada kafur ya kusanci kayan jariri. Akwai yara da yawa a Afirka ta Yamma, musamman maza, da ake haifa da wani rauni a jajayen ƙwayoyin jininsu, wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD. Ba a gane shi da ido, yaron lafiyarsa lau. Amma in sinadarin kafur ya shiga jikinsa ta numfashi ko ta fata, sai ƙwayoyin jinin su farfashe. Ido da jiki su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, yaro ya yi laushi ya ƙi nono. Shawara mai tsanani ga sabon haihuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar shi da naƙasa har abada, tana iya kashewa. Kafur ba ya narkewa cikin ruwa, don haka wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Kayan da suka daɗe cikin akwatin kafur, a wanke su da sabuni da ruwan zafi, a yi ta shanyawa a rana har warin ya tafi gaba ɗaya. Haka nan kada a fesa musu maganin sauro ko turare. Jaririn da idonsa ya yi rawaya kuwa, likita za a kai shi ranar, ba a jira suna ba.

Game da fatar yaro, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gindin da ya saɓule ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, zafinsa kuma yana hana yaro barci da cin abinci. A kowane canji a wanke da ruwa mai tsabta, daga gaba zuwa baya musamman ga ɗiya mace, a tsane a hankali ba da gurzawa ba, a bar shi ya sha iska a kan tabarma da zane. Man kaɗanya ko basilin kaɗan yana kare fata. In an lafta da yawa yana toshe zaren tsumma, sai ruwan zafi ya fitar da shi. Hoda ba ta da amfani a nan, tana dunƙulewa cikin matsematsi, ƙurarta kuma tana shiga huhu. Wandon roba a bar shi domin tafiya, kada ya wuni a jiki cikin zafi. In jan ya wuce kwana uku, ko ya shiga cikin matsematsi da ƙananan ƙuraje a kewaye, ko akwai farin abu a bakin yaron, wannan funfunar fata ce, tana bukatar maganin likita, tsummansa kuma a tafasa.

Yaro mai tamowa mai tsanani, wanda awon dantsensa ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, ko mai kumburin ƙafafu, lamarinsa ya fi tsauri. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, jikinsa yana iya yin sanyi ƙasa da digiri 35 ko da mu muna jin zafi, kuma wannan sanyi yana kisa. Jiƙaƙƙen tsumma yana zuƙe ɗumin jikinsa, musamman da asuba. A duba shi cikin dare, a canza tsumma da shimfiɗa da zarar sun jiƙe, a rungume shi a jiki a lulluɓe. Waɗanda suka yi jinya a CRENI sun ga cewa yaro mai kumburi da fatarsa ke saɓulewa, ma'aikata sukan ce a bar gindinsa a buɗe a kan busasshen zane. Ba rowar tsumma ba ce, domin wurin ya bushe ne ya warke.

Tsumma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana ba da labari. Uwa takan zo ta ce nonona ba ya isar yaro, zan fara ba shi ruwa ko madara. Kafin ki yi haka, ƙirga tsumma. Jaririn da ya wuce kwana biyar yana shan nono zalla, in yana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsarin fari ba mai duhu ba, awonsa kuma yana hawa, nono yana isarsa, ba ya bukatar ko ɗigon ruwa har wata 6, ko da bazara ce. In kuwa yaro yana zawo, tsumma ya wuni ba fitsari, ruwan jikinsa yana ƙarewa. A ci gaba da nono, a ba shi SRO da zinc na kwana 10 zuwa 14 yadda ma'aikaci ya nuna. Amma wanda ke cikin jan awo, a kai shi CSI ranar, domin ruwan da ake ba irinsa daban ne. Kashi mai jini, ko fari fat kamar alli, shi ma na kai wa likita ne ba jinkiri. Kamar yadda aka fara koya wa iyaye mata auna dantsen ƴaƴansu da kansu a yankin Mirriya, abin ya bazu ko'ina, haka nake so kowace uwa ta iya karanta tsumman ɗanta.

Wata za ta ce, me ya sa ba za mu koma kush na kanti mu huta ba? Wadda take da hali, ban hana ta ba, musamman a tafiya ko jinya. Amma a yi lissafi: shida a rana, 180 ke nan a wata. Abin da nake gani a Yamai da sauran birane shi ne, saboda tsada ana barin guda ɗaya a jikin yaro tun safe har dare, wasu har suna shanya wanda aka yi wa fitsari su mayar. Wannan ya fi tsumma illa nesa ba kusa ba. Ga shi kuma ana jefar da su a juji da magudanar ruwa da kashinsu, awaki da yara suna tonowa. In kuɗin kush zai rage kuɗin ƙwai ko wake ko ƙulikulin kunun yaro, ni a ganina a sayi sabuni da abinci.

Ku masu faɗakarwa, in kun shiga gida bayan kun auna dantse kun danna ƙafa, ku ɗaga ido ku dubi tsakar gida. Akwai igiya? Ina ake zuba ruwan wanki? Robar tsumma ita ce ta kwanoni? Ku nemi izini ku taɓa tsumman da ke jikin yaron, ku tambayi guda nawa ne a gidan, ku tambaya ko akwai kafur cikin akwati. Kada ku yi faɗa, kada ku yi maganar gaban kishiya ko baƙi. Macen da aka kunyata ba za ta sake buɗe muku ƙofa ba. Ku jawo kaka cikin zancen, domin sau da yawa ita ke riƙe da yaro in uwa tana gona. Ku kuma sami maigida a waje ku gaya masa nasa kason: igiya, bokiti mai murfi, sabuni, da gyaran salga. Duk gidan da yaro ya koma zawo sau biyu yana cikin shirin, ku rubuta shi, ku sanar da mu a taron wata, mu je tare.

Ranar awo mai zuwa, kowace mai goyo ta zo da tsumma ɗaya busasshe cikin waɗanda take amfani da su, da tsohon zane in tana da shi. Za mu kawo almakashi da allura da zare, mu yanka mu kalmashe tare kafin a fara kiran suna.